Sabis ɗin Baffa daga Tsafe

Gidanmu na gado a Bungudu gida ɗaya ne da aka tsaga biyu. Babana da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, sun ɓata a kan wani bijimi da ya shiga gonar gyaɗa a Furfuri, kowa ya rantse ba nasa ba ne. Ƙarshenta aka ja katangar bulo a tsakar gida, kowa ya fasa ƙofarsa. Shekara shida ko gaisuwa ba ta haɗa su. Abin da magina suka manta su raba shi ne wayar wuta. Mita ɗaya ce, tana ɓangaren Baffa, daga nan wutar take ratsowa har ɗakin Baba.

Ni a Gusau nake aikin ofis, ina zaune a Damba da mijina, amma kusan kowace Asabar ina zuwa gida. Na saya wa Baba rauta, wato na'urar da ke kawo intanet, don tun da ya yi ritaya daga koyarwa ba ya rabuwa da labarai. Ɓangaren Baffa kuwa ko kiran waya sai an fita bakin titi.

Wata Asabar Inna, matar Baffa, ta jawo ni ɗakinta. 'Yarta da ke aure a Tsafe ta haihu, hanya kuma ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba.

"Ɗiyata, an ce ana ganin mutum a waya yana motsi. Ni dai in ga jikana," in ji ta.

Na ce ai sai ta zagayo wajenmu. Ta girgiza kai, ta nuna ɗakin Baffa da leɓe.

A ofishinmu na taɓa ganin an kai intanet wani ɗaki mai nisa ba tare da an ja sabuwar waya ba. Wasu 'yan adafta ne guda biyu, kowace kamar sabulun wanki. A cusa ɗaya a soket kusa da rauta a haɗa su da kebul, a cusa ɗayar a wani soket, sai sabis ya bi ta cikin wayar wuta ya ɓulla can, muddin layin wutar ɗaya ne. Na tuna da mitarmu, na yi dariya ni kaɗai a cikin bas.

Sati na zagayowa na zo da su a jaka. Na jira Baba ya tafi masallaci na cusa ta farko a bayan kantar littattafansa. Ta biyu na kai falon Baffa. Da fitilar tsakiya da ke jikin adaftar ta kawo kore, na san sun ga juna. Na kira Tsafe, Inna ta ga jikanta a waya yana hamma, ta yi ta share ido da bakin mayafi.

Muna cikin haka Baffa ya shigo. Ya dubi abin da ke bango, ya dube ni.

"Mi ne ne wanga?"

Ban shirya amsa ba, sai bakina ya ce, "Surukinka ne ya aiko. Daga Tsafe yake jawo sabis."

Fuskarsa ta saki. Ya sa na haɗa masa kebul a talabijin ɗin da aka kawo masa tun bara bai taɓa cin moriyarta ba. Kafin in bar garin ya gano inda ake nuna dambe.

Daga nan fa Baffa ya addabi majalisa. Kullum sai ya faɗa, da ƙarfi yadda Baba zai ji daga can ƙarshen benci, cewa shi sabis ɗinsa daga Tsafe yake zuwa, ba irin na wasu da ke tsayawa yana juyi ba. Na Baba kuwa da gaske ya fara juyi, don damben Baffa ne ke shanye shi.

Malamin makaranta ba ya barin abu bai bincika ba. Ran da na dawo, na tarar da Baba ya jawo kanta, yana zaune yana kallon 'yar adaftar nan.

"Zauna. Ina wannan abin yake kai mini kayana?"

Na faɗa masa gaskiya, ina jiran faɗa. Sai ya shafa gemu.

"Wato in na zare, can ma ya ɗauke?"

Na ce haka ne.

Ya ce to, in je in ci abinci.

Bayan la'asar muka fara jiyo kalangu da ihun 'yan kallo ta saman katanga. Baba ya kasa kunne, ya bari sai da mai sharhi ya ɗaga murya, 'yan dambe sun shiga juna, sannan ya miƙa hannu ya zare. Can sai muka ji Baffa yana salati. Baba ya ƙirga goma a yatsunsa ya mayar. Sau huɗu ya yi haka a yammar nan, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, ni na ce masa ya jira zagaye na uku.

Kwana biyar Baffa ya jure, sannan ya fita bakin titi ya kira surukinsa ya ce su gyara abinsu can Tsafe. Bawan Allah ya ce shi bai san zancen ba. Baffa ya koma ya titsiye Inna, ita kuma ta ba da ni.

Asabar ta gaba ina isa da tsakar rana na tarar babu wuta a gidan duka, alhali maƙwabta fankokinsu na juyawa. Baffa ya kashe babban makunni da ke gefen mita, ya gwammace shi ma ya sha zafi. Tun hantsi kowannensu yake zaune a ɓangarensa yana fifita. Da zufa ta ishi Baba, ya fito tsakar gida ya ɗaga murya.

"Kai, kunna mana wuta."

Daga can Baffa ya amsa, "Ka daina zare mini dambe."

"Damben naka ko nawa?"

Sai Baffa ya ce, "Wagga yarinya tana nan?"

Da ni aka sasanta. Suka zauna a tabarma ɗaya a ƙofar gida, ni ina durƙushe, suka yi mini tas. Baffa ya ce na mai da shi abin dariya a majalisa, Baba ya ce ƙwarai kuwa, tarbiyyar da aka ba ni ba haka take ba, ko kunya bai ji ba. Inna da mahaifiyata suna leƙe daga zaure, kowacce ta toshe baki da mayafi.

Ranar Laraba ina ofis Baba ya kira ni, wai fitilar tsakiya ta koma ja, daga ina matsalar take. Kafin in amsa sai na ji muryar Baffa dab da wayar.

"Gaya mata soket ɗinka ne ya yi sako-sako. Miƙo mini sukudireba."