Tukunyar Cyril Garside

A ƙungiyarmu ta masu ƙananan jiragen ƙasa, can bayan filin ƙwallo a gefen Halifax, babu wanda ya kai Cyril Garside iya aikin hannu, kuma babu wanda ya kai shi baƙin jini. Shekara arba'in ya yi yana gyaran injuna a masaƙa. Da aka rufe masaƙar sai ya shige rumfar bayan gidansa ya fara ƙera kan jirgi, irin mai kwal da tururin nan da direba ke zama a bayansa ya ja yara goma a kan layinmu. Shekara goma sha tara yana abu ɗaya. Matarsa Doreen ta rasu a ta goma sha ɗaya, maƙwabta kuma sun ce ko a makon jana'izar ba a daina jin ƙarar guduma daga rumfar ba.

Duk Lahadi yakan zo ya sha shayin ƙungiya, ya bi jiragen mutane yana leƙe yana taɓe baki. Yanzu ai yawanci saye ake yi. Daga China ake kawo su cikin akwati, da fentinsu da takardunsu, naka kawai zuba kwal. 'Yan kanti yake kiran masu irin waɗannan. Akwai wani likitan haƙori a cikinmu da Cyril ya taɓa gaya wa, a gaban matar likitan, cewa abin da ya ƙera a jikin jirginsa bai wuce sa hannu a takardar banki ba. Mun yi dariya, amma kowa na riƙe da nasa a ciki, don babu wanda bakin Cyril bai taɓa sara ba.

Tukunyar tururi in ta fashe kisa take yi, shi ya sa ba a hura wuta a layinmu sai da takardar shaida. Wanda ya ƙera tasa da kansa kuwa, dole ya kai wa mai dubawa tun tana buɗe, ya ga ko azurfar liƙi ta ratsa kowane haɗi, sannan a rufe. Mai dubawarmu shi ne Alwyn Ormerod, wanda ya koyi aiki a hannun Cyril a masaƙa. Shekararsa saba'in da jikoki biyar, amma har gobe "yaro" Cyril ke ce masa, kuma ba ya gajiya da ba da labarin ranar da ya murɗe masa kunne a gaban mata masu saƙa. Sau uku Alwyn ya aika masa ya kawo tukunyar kafin ya rufe. Cyril ya ce wanda ya koya wa riƙe zarto ba zai duba masa aiki ba. Ya rufe abarsa.

Bara da bazara likita ya gaya wa Cyril tsakiyar idanunsa na mutuwa, babu magani, in ya yi sa'a ya ƙara wata shida yana gani. Daga nan abu ɗaya ya rage masa a duniya: ya zauna a bayan jirginsa ya zagaya layin kafin duhu ya rufe shi. Ya ɗauko shi a 'yar tirelar da mota ke ja wata Lahadi, kore shar, ko'ina na sheƙi. Da aka yaye tampol duk muka matso muna kallo.

Alwyn ya zagaya jirgin sau biyu, hannu a aljihu, ya ce shi ko famfon gwaji ba zai haɗa ba.

"Cika ta da ruwa ka matsa mata, yaro," in ji Cyril. "In ta zubar da ɗigo ɗaya, na yarda."

"Ruwa labarin yau kawai yake bayarwa, maigida. Ban ga ciki ba, ba na sa hannu."

Wani ya kawo shawarar a zura 'yar kyamara ta bakin tukunyar. Alwyn ya ce kyamara fuskar haɗi take gani, ba zuciyarsa ba. Wataƙila da gaskiyarsa. Sai likitan haƙori ya tsoma biskit a shayi ya ce na kanti dai da takardarsu suke zuwa.

Cyril ya je ƙungiyoyi biyu na garuruwan kusa. Kowace sai da ta buga wa Alwyn waya, kowace ta ba shi haƙuri. Ya nemi sayen tukunya ƙerarriya daidai da jirginsa, aka ce masu yin ta sun tsufa sun ƙare, wanda ya rage yana da layin shekara biyu. Shi kuma a lokacin ya fara karkata kai gefe in zai kalli mutum.

Da ya dawo, bai ce yaro ba. Ya cire hularsa a ɗakin shayi ya ce, "Alwyn, me kake so in yi?"

Alwyn ya ci gaba da juya cokali. Ya ce shi ba ya son komai, doka ce. Sannan ya ƙara, kamar mai magana da kofinsa, wa ma ya san ko azurfar ta ratsa, tunda ido ba rana ɗaya yake tafiya ba.

Washegari ba ranar taro ba ce, amma kusan dukkanmu mun zo, don labari ya zaga. Cyril ya kwance tukunyar daga jikin jirgin, ya ɗora ta a zarton lantarki na ƙungiya, yana laluben tsakiyarta da yatsa. Kowa a wurin ya san tukunyar da aka yanka ba ta komawa. Babu wanda ya riƙe masa hannu. Ni ma ina tsaye. Jan ƙarfen tukunyar ya yi ta kuka har ta rabu biyu.

Alwyn ya sa tabarau, ya bi haɗin nan ɗaya bayan ɗaya da 'yar fitila. Ya daɗe. Azurfa ta ratsa ko'ina, fara tas, ko gurbin allura babu.

"Ban taɓa ganin kamarta ba, maigida," in ji shi. "Da ka kawo ta a buɗe, ai minti goma ya ishe mu."

Sauran jirgin wani dillali ya zo ya ɗauka. Sai da ya gama ƙorafin cewa shagonsa cike yake da jiragen matattu, 'ya'ya na neman kai da su, matasa kuma ba sa saye, sannan ya ba da abin da bai kai kuɗin tayoyin ba. Cyril bai yi ciniki ba. Kafin hunturu 'yarsa ta kai shi gidan tsofaffi a Leeds, bai taɓa jin usur ɗin jirginsa ba.

Rabin tukunyar yana nan a kan wata kanta a ɗakin shayi, ana nuna wa sababbin shiga. Alwyn ne ya rubuta 'yar takardar da ke jikinta, babu suna: "Misalin haɗi mai kyau. Ba a gwada ta ba."