Inda Teku Ke Tara Silifa

Wata takwas na yi ina tuƙa wani injiniya ɗan Sudan daga Makka zuwa bakin teku, wajen Shu'aiba. Ni a unguwar Tandabawi nake, shi a ta Aziziyya. Aikinsa ya bi gaɓa yana duba inda zai fi cutuwa idan jirgin dakon mai ya fashe, don a san inda za a fara tarewa.

Taswira yake riƙewa da alƙaluma masu launi. Inda dutse yake sai ya shafa kore, don igiyar ruwa kan wanke shi. Inda itatuwa suka tsiro cikin laka kuwa ja yake sawa, domin mai in ya shiga saiwa ba ya fita. A bakinsa na fara jin cewa ruwan da muke sha a Makka daga tekun nan ake tace shi.

Wata rana da hantsi muka tarar da wani dattijo yana ɗinkin komar kamun kifi a gindin kwalekwale. Da ganin takarda a hannun injiniya sai ya miƙe zai tafi. Na lura da zanen Gobirawa a fuskarsa, na gaishe shi da Hausa.

"Baba, ba igama muka zo tambaya ba, ba ruwanmu da takardar zamanka," na ce.

Ya dube ni, sannan ya zauna. Na bayyana masa aikin. Ya karɓi taswirar ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"Ban iya karanta wannan ba, ɗana. Amma ku biyo ni."

Ya kai mu wani lungu bayan duwatsu, inda injiniya ya riga ya shafa wa kore. Silifa ne fal, wari-wari, da robobi da guntayen igiya.

"Duk abin da ya faɗa ruwa, nan iska take kawo shi," in ji dattijon. "Nan kuma kifi ke zuba ƙwai."

Na fassara. Injiniya ya tsuguna ya tona yashin da hannu, ya yi rubutu mai tsawo, ya mayar da wurin ja. Ya nemi sunan dattijon don ya sa a rahoto. Dattijon ya ƙi, ya ce shayi ya ishe shi. Muka sha tare a inuwar mota, yana tambayata ko har yanzu ana samun fura a Tandabawi.