Bakaniken da Ya Ba Titi Baya

Abdulmutallib bakaniken Keke Napep ne a unguwar Lamisula da ke Maiduguri, kuma tun yana saurayi da kunne yake cin abinci. Keke na shawo kwana, kafin direba ya taka birki ya riga ya san ciwonta: fulogi ne, ko kafireta ce ta sha datti. Shi ya sa ko zama zai yi, baya yake ba titi. Wai me zai kalla? Da kunnen nan ya gina gida, ya kai 'yarsa Lubna jami'a har ta zama malamar lissafi.

Ita ce kuwa ta zo masa da maganar da ta hana shi sakat. Wata Asabar ta tsuguna gaban rumfarsa, ta ɗauki sifana ta ja layi a ƙasa. Layin ya taho a kwance kamar mai jin barci, can sai ya miƙe tsaye. Ta ce kekunan lantarki ke nan, masu caji. Ta bi adadinsu wata bayan wata, ta buga lissafi, ta ga ba ƙaruwa suke da ɗai-ɗai ba, ninkawa suke, kuma yanzu ana daidai inda layin zai tashi. Ta roƙe shi ya koyi gyaran batir da wayoyi tun da sauran lokaci.

Ya yi dariya, ya goge layin da silifas. "Lubna, ni nake wuni a bakin titin nan. Ko ɗaya ban ji ba."

"Ai ba a jin su, Baba."

Mutumin akwai taurin kai. Aiki ya ja baya, ya ce tsadar fetur ce. Tsofaffin direbobinsa suka ɗauke ƙafa, ya ce mutanen yanzu ba amana. Amma a ransa tsoro yake ji, don hannun da ya tsufa cikin baƙin mai bai san ta inda zai kama waya ba.

Ran nan da la'asar, yana wanke wata tsohuwar kafireta don kawai kada ya zauna haka, sai ya lura titi ya yi tsit. Duk wanda ya zauna Maiduguri a shekarun baya ya san abin da irin wannan shirun yake nufi: an kawo hari. Ya fara tattara kayan aiki, sannan ya waiwaya.

Titin cike yake maƙil. Kekuna ne bi da bi, shaƙe da fasinjoji, suna wucewa sumul, babu ko tari. Wani direba da ya daɗe yana kawo masa gyara ya ɗaga masa hannu, bai tsaya ba.