Takalman da Mani Ya Zaɓa

Duk wanda ya san Mani ya san "kawo in gani". Ƙyanda ta ɗauke mishi ido tun yana ƙarami, amma ko goro aka miƙo mishi sai ya shafa, ya sansana, sannan ya gaya maka aibin da kai mai ido ba ka lura da shi ba. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, shekara sittin muka yi ba mu raga wa juna.

Ba a riƙe mishi sanda. Ranar wata kasuwar Sabon Birni wani ɗan kabu-kabu ya kama hannunshi ya ƙetarar da shi titi. Mani ya yi godiya, ya juya ya koma inda aka ɗauko shi, ya sake ƙetarowa da kanshi. Wai waccan ƙetarawar ta mai babur ce.

Da ɗiyarshi ta aiko mishi waya mai magana, irin wadda ke karanta duk abin da yatsa ya taɓa, sai ya raɗa mata suna Hajiya. Ya ce ita kaɗai ce a garin nan take ba shi labari ba ta ƙara gishiri.

To, ga inda na shigo, kuma ba shigar arziki ba ce. Ni baduku ne, karatuna bai wuce in gane sunana a katin zaɓe ba. Da hanyar garin Isa ta ƙi biyuwa saboda rashin tsaro, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ƙungiyarmu ta dukawa ta buɗe shago a intanet: a ga hoto, a zaɓa, direba ya kai. Malama Hajara, wadda ta haɗa mana shafin, ta zo rumfata ta ce ƙa'ida ce kowane hoto a rubuta bayaninshi, don wayar marasa gani ta karanta musu. Na ce makafi nawa ke sayen takalmi a waya? Ga furata tana tsami. Na ce ta rubuta "takalmi" a kan duka talatin ɗin, ai ban yi ƙarya ba.

Ashe Mani na da wani buri. Tun da ya auri Ige bai taɓa yi mata bazata ba, don duk abin da ya taya a kasuwa sai wani ya faɗa mishi launi, kuma labari ya riga shi isa gida. Da wata Salla ta ƙarato, ya so ya zaɓa mata takalmi da kanshi, ba wanda ya sani. Ya shiga shafina, Hajiya ta ce takalmi, ta ce takalmi, har sau talatin. Ya yi bisimilla ya danna na tsakiya.

Abin da direba ya miƙa wa Ige gaban maƙwabta ƙaton takalmin maza ne mai tafin tayar mota, wanda nake ɗinka wa makiyaya saboda ƙaya.

Da ya iso rumfata ina ta ƙyaƙyata dariya, na ce za ni canza mishi. Bai yi dariya ba.

"Ba canji ya kawo ni ba, taubashi. Ƙyanda ba ta iya mai da ni makaho ba, sai kai."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Kwana uku ya tare a rumfar, ya sa aka kira Malama Hajara, ina faɗi tana rubutawa. Na ce jan takalmi mai kyau, ya ce kyau ba bayani ba ne: na mace ko na namiji, mai maɗauri ko silifa, ɗinkin hannu ko na keke? Na ce fatar akuya, ya ce kawo in gani. Ya murza, ya ce, "Malama, rubuta tunkiya. Ki ƙara da cewa mai shi maƙaryaci ne." Bayanin da ke shafina har yau bakin Mani ne.

Ana nan, ana nan, Allah ya yi wa Mani rasuwa. Ranar sadakar uku na je yi wa Ige gaisuwa, sai ga takalman nan a ƙofar ɗakinta, an cusa tsumma a ciki, diddigen ya cinye. Daga bayan labule na roƙe ta ta bari in ɗinka mata daidai ƙafarta.

Ta ce, "Na daidai ƙafa kowa na iya kawo mini. Wannan shi ya zaɓa."

Allah ya jiƙan Mani, ya haskaka kabarinshi, ya nuna mishi Aljanna da idonshi. Ni kuma ya yafe mini takalmi talatin.