Cajin da Bai Kai Ni Wankan Inna Ba

Akwai abin da mutum yake yafewa amma ba ya mantawa, kuma tafiyar da muka yi daga Manchester zuwa Birmingham wata safiya cikin sanyi tana cikin irin waɗannan. Shekaru sun wuce, na yafe wa wanda ya kamata in yafe wa, amma wallahi har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci kamar yanzu aka yi. Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai kwashe wannan.

Bari in fara da Inna. Ba ita ta haife ni ba, ba mu ma haɗa jini ba. Dattijuwa ce 'yar Kano da ke zaune a unguwar Sparkhill a Birmingham, ita ta riƙe ni lokacin da na zo ƙasar nan aikin jinya ban san kowa ba. A gidanta na zauna shekara biyu, daga gidanta kuma aka kai ni ɗakin miji a Moss Side, a Manchester. 'Ya'yanta uku duk maza ne. Da ciwon daji ya kama ta aka yi mata aiki aka cire mata nono ɗaya, ban da 'ya'yanta ba wanda ya sani sai ni, don ni nake zuwa in wanke mata ciwon. Inna mace ce mai tsananin sirri. Matan unguwa duk sun ɗauka ciwon ƙafa ne yake kwantar da ita.

Wata rana ina ɗaure mata bandeji ta riƙe hannuna ta ce, "Ke za ki wanke ni in na mutu. Ba na son idon kowa a jikina. Kin ji ko?"

Na ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Ba tambayarki nake ba. Amana na ba ki."

Na karɓa. Abin da ke kaina ke nan ranar da babban ɗanta ya kira ni da yamma, ina fitowa daga aiki, ya ce Allah ya yi wa Inna rasuwa, takardu sun fito, gobe za a yi jana'iza. Ɗakin wankan gawa na masallaci an ba su shi daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, don akwai wata gawar a bayansu. Sallar gawa bayan azahar, maƙabarta kuma lokacin da aka tsayar musu ba ya motsi. A nan ba a cewa a ɗan jira wance tana hanya.

To, sai maganar mota. Maigidana akanta ne, mutum mai lissafi, kuma watanni kaɗan kafin nan ya sayo mana mota mai aiki da lantarki. Ya sa na sayar da tsohuwar motata mai shan fetur, wai ajiye biyu ɓarna ce. Ya sa aka kafa abin caji a jikin bango a bayan gida, a fili, ba rumfa. Ba baƙon da zai zo gidanmu bai sha lacca a kan motar nan ba. Da na ce ko in hau jirgin ƙasa da sassafe, sai ya ce a wannan ƙanƙarar jirgi ba abin dogaro ba ne, shi zai kai ni da kansa. Da idona na ga ya jona motar bayan magariba. Na kwanta da hawayena, amma hankalina a kwance ta wannan fannin.

Ƙarfe bakwai muka fito. Gari ya yi fari, ƙasa ta yi caɓi, ruwa da ƙanƙara suna zuba a haɗe. Ina shiga na kalli allon motar na ga batir ko rabi bai kai ba.

Na ce, "Abban yara, ba ka ce za ta kwana a caji ba?"

Ya ce, "Sanyi ne, ba ta ɗauka sosai ba. Amma duba, range ɗin, wato nisan da za ta iya kai mu, mil ɗari da biyar. Birmingham mil casa'in ce. Muna da rarar sha biyar. Relax."

A nan na yi nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Zuciyata ta ce mini wannan magana ba ta zauna ba. Amma na yi shiru, don kada a ce mace ta tashi da gardama da mijinta da sassafe, ga shi yana yi mini alheri. Wannan kawaicin namu, wani lokaci cuta ce kawai muke yi wa ado.

Muka hau babbar hanya. Motoci suna tafiyar hawainiya, manyan motoci suna watso mana dagwalon ƙanƙara da gishiri a gilashi. Hita tana aiki, abin goge gilashi yana aiki, fitilu a kunne. Ni ba karatun lissafi na yi ba, amma ina da ido. Mu ci mil ɗaya, allo ya zubar da biyu. Ashe lambar nan da ya dogara da ita lissafin ranakun da ba sanyi ne, a cikin sanyi batir ba ya ba da abin da ya saba bayarwa, ɗumin da muke ji kuma daga cikinsa ake ɗiba. Kafin mu yi rabin hanya rarar maigida ta narke, har mun shiga cin uwar kuɗin.

Ya miƙa hannu ya kashe hita. Ba a yi minti biyar ba gilashi ya yi hazo, ba ma ganin gabanmu. Ya kunna, lamba ta faɗi. Ya kashe, na cire gefen mayafina ina goge masa gilashi. Yatsun ƙafata suka mutu a cikin takalmi. Ina kallon agogo, ina kallon allo, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Shi kuwa sai cewa yake, "Za ta kai, in sha Allahu za ta kai," alhali muryarsa ta nuna shi ma ya daina yarda.

Ba ta kai ba. Tara saura kwata muka ratse wurin hutawar matafiya, motar tana ta yi mana gargaɗi. Wuraren caji shida, biyu ba sa aiki, ga motoci a layi kowa ya ƙudundune a cikin tasa. Na sauka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, ina cewa jana'iza za ni. Mutum ɗaya ya ba mu wurinsa, Allah ya saka masa. Sauran kowa da uzurinsa. Na kira tasi, aka ce a wannan yanayin sai bayan awa ɗaya da rabi, in ma an samu. Na kira babban ɗan Inna, ya ce, "Anti, za mu riƙe su iya yadda za mu iya, amma kin san slot ne, lokacin a ƙayyade yake."

Sai da muka yi kusan minti hamsin layi ya zo kanmu. A nan ne na ga abin da ya fasa ƙwai. Maigida ya fito da lema, ya fito da leda, ya tsaya yana naɗe hannunsa da ita, yana goge bakin wayar cajin da hankici, yana ɗaga kai yana duban sama ko ruwan zai tsagaita. A gefenmu wata tsohuwar Baturiya ta fito ba ko safar hannu, ta fizgo tata wayar a cikin ruwan ta cusa, ta kalle shi tana murmushi ta ce masa da Turanci kada ya damu, an yi su ne don ruwa, tata a waje take kwana tana caji ko ana ƙanƙara.

Na ga fuskarsa ta sauya. Shekara goma sha ɗaya ina zaune da mutumin nan, na san fuskarsa ta rashin gaskiya.

Na ce, "Abban yara, dube ni. Jiya motar nan ta kwana a caji?"

Ya ci gaba da goge bakin wayar.

"Tambayarka nake."

Ya ce, "Da na ga ruwan ya yi ƙarfi wajen ƙarfe tara, sai na fita na zare. Ruwa da wuta ba sa haɗuwa, kin sani. Gidan ne gaba ɗaya zai iya kamawa, ga yara a ciki. Na ce da asuba in mayar, sai na ga bai tsaya ba."

Wallahi ban san sanda muryata ta tashi ba. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba, ranar na yi a gaban Turawa. Na ce, "Ka zare? Ka zare, sannan ka dubi idona ka ce sanyi ne? Wata shida kana yi wa mutane lecture a kan motar nan, ashe ko littafin manual ɗinta ba ka buɗe ba! Da ka gaya mini gaskiya ƙarfe bakwai, da na nemi wata hanya. Ni ka mayar yarinya?"

Na san inda abin ya samo asali. Mutum ne da kowane dare sai ya bi soket ɗin gida ya kashe, don tun yana yaro a Kano aka taɓa kawo wuta da ƙarfi cikin damina ta ƙone musu kayan ɗaki, wayar ta yi tartsatsi a gabansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan na fahimta, kuma da shi kaɗai ne da na yi masa uzuri. Ƙaryar ce ta ƙona ni. Tsoronsa ya zare waya, girman kansa ya hana shi faɗa.

Ya jona. Batirin ya yi sanyi, sai shan wutar yake a hankali kamar mara lafiya da kunu. Muka koma cikin motar muka zauna. Ƙarfe goma ta buga muna nan. Goma da kwata wayata ta yi ƙara, na ƙi ɗauka, don na san abin da za a ce.

Sha biyu saura muka isa masallacin. Na shiga ɓangaren mata da gudu, takalmina a jiƙe. An gama. An wanke ta, an sa mata likkafani, an rufe akwati, an miƙa ta wajen maza. Mu kuma mata ba ma bin gawa maƙabarta, saboda haka ko fuskarta ban gani ba. Wata baiwar Allah mai aikin sa kai a masallacin ce ta yi wankan, da matan unguwa biyu suka kama mata. Sun jira ni har ruwan ya huce aka sake wani.

Ina zaune a gefe ina kuka, sai ɗaya daga cikin matan biyun ta matso ta dafa ni. Ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasan da na kusa ba za su ji ba.

Ta ce, "Ke kuwa ashe haka Hajiya ta sha fama? Ashe har cire mata aka yi? Allah sarki, mu muna ta cewa ƙafa ce."

Na ga kawuna biyu sun juyo. Abin da Inna ta rufe shekara huɗu, ta haƙura da zafi ta yi ta fita taro da fara'arta don kada a sani, ya fita a safiya ɗaya saboda ba na nan. Me zan ce? Ita ta zo, ni ban zo ba.

Maigida ya ba ni haƙuri har ya gaji, ya yi kuka, ya yi sadaka da sunan Inna. Na yi sati uku maganar da ke haɗa mu ba ta wuce gaisuwa. Motar tana nan har yau, kuma ba laifinta ba ne. Yanzu a caji take kwana ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ana ɗumama ta tun tana jone kafin a fita, kuma in sanyi ya sauka ba mai yarda da lambar da take nunawa.

Abin da na koya ya wuce mota. Dabarar da ta tsare mutum a gida tana iya kayar da shi a wata ƙasa, in ya ƙi tambaya. Kuma in an ba ka amanar da sau ɗaya ake cika ta, kada ka jingina ta da "za ta kai" na wani, ko da mijinka ne, ko da za a ce ka cika gardama. Ka tashi ka duba da idonka, ka yi maganar tun da sauran lokaci. Haƙuri ana ba mai rai ya karɓa. Ni wadda zan ba haƙurin tana ƙarƙashin ƙasa a Birmingham.