Kuɓewar Badamasi a Tsakiyar Nilu

Da yaƙi ya koro Awadiyya daga garinsu Sennar, sauran mata gwal suka ƙulle a haɓar zane. Ita kuwa irin kuɓewar lambun marigayi babanta, Badamasi, ta ƙulle. Bai fi cikin tafin hannu ba, kuma daga shi babu wani, don lambun ya ƙone ƙurmus.

A Alƙahira ta riƙa hawa kwalekwale zuwa wani tsibiri tana yi wa manoma cirar ciyawa. Wani tsoho mai gona, Abdurrahim, ya ga nacinta, ya ba ta ɗan tudu a bakin gaɓa. Kyauta ce dai, amma irin wadda ake yi da abin da aka rasa yadda za a yi da shi, don tiyon injin ban-ruwansa ba ya kaiwa can.

Ta shuka irin duka. Ya tsiro, ya fara langaɓewa. Jidar ruwa da bokiti ta kusa karya mata ƙugu, ƙasar kuma na shanyewa kamar ba a zuba ba. Ta sha kuka har ta gode Allah, sannan ta tuna da jigon babanta.

Ta kafa gwafa a bakin ruwa, ta gitta doguwar sanda, guga a gaba, curin laka a baya don ya rinjayi nauyin ruwan. Ranar farko lafiya lau. Kashegari rana ta busar da lakar, ta tsattsage ta zube, guga ya ƙi tasowa. Manoma suka yi ta ƙyaƙyata dariya, ban da Abdurrahim.

"Ya binti, 'yata, da irin wannan kakana ya ciyar da mu," in ji shi. "Kwaɓa lakar da ƙaiƙayi, ki naɗe da buhu, ki riƙa jiƙa ta da safe."

"Tamam, na ji, Ammu, baffana. Zo ka riƙe mini sandar."

Ya riƙe. Da ruwa ya gangara fangali, tsohon nan ya kama igiyar guga ya ƙi saki, sai da ta ƙwace.

Kuɓewa ta yi 'ya'ya jingim. Matan unguwarsu, Hayyin Ashir, suka yi ta magiya ta sayar musu, Awadiyya ta hana a taɓa layin farko har ya bushe. Ta ɓare, iri ya cika kwano. Ta damƙi cikin tafi ta ba Abdurrahim.

Bana gonakin gaɓar nan duk irin suka shuka. Manoman da ba su taɓa ganin babanta ba, in ka tambaye su sunan kuɓewar, sai su ce Badamasi.