Baba Idrisa da hawa na huɗu

Kai mai karatu, ka taɓa ganin dattijo ya rushe abin da yake ƙauna da hannunsa don kawai kwamfuta ta yarda da shi? Ni na gani a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira.

Ina shagon guga da nake aiki a unguwar Faisal aka bugo waya. Salah ne, babban ɗan dattijon. Ya ce, "Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Idrisa ke nan, Bahaushen Sudan da ya tsufa a Alƙahira, wanda ya ba ni ɗaki lokacin da na watsar da karatu kowa ya watsar da ni.

Gidansa hawa uku ne. A samansa ya kafa dogon akurkin tantabaru na katako. Kullum bayan la'asar sai ya hau, ya ɗaga tuta, ya yi fito, su tashi su yi ta kewaya unguwa. Wadda ba ta da lafiya a aljihun jallabiyarsa take wuni. In ya same ni na dulmuya cikin tsofaffin littattafan da nake saye a bakin titi, sai ya ce, "Ɗan nan, ɗaga kai mana. Mai littafin ya mutu, waɗannan kuwa ga su a sama."

Sai ofishin harajin gidaje ya samu kwamfuta. Manhajar da aka zuba mata ba ta san akurki ba. Duk abin da ke da rufi a saman gini, hawa ne. Gidan Baba ya zama hawa huɗu. Haraji ya tashi, aka kuma ce ya ƙara gini ba izini.

Na raka shi ofishin. Jami'in, wanda ya taɓa hawa saman gidan har tantabara ta yi masa kashi a kafaɗa, ya ce, "Ma'alish ya Hajj, ka yi haƙuri, ni ma na san tsuntsaye ne. Amma manhajar an tantance ta."

Na ce, "Wa ya tantance ta?"

Ya nuna min takarda a bango cikin gilashi, da hatimi, da sa hannu kamar sawun kyankyaso. "Kwamiti."

"Ina kwamitin?"

"Ya gama aiki, an sallame shi."

"To wa ke gyara ta?"

"Kamfanin da ya sayar mana. Amma sun ce ba sa taɓa abin da aka riga aka tantance."

Ka ji manya! Na buɗe baki zan sauke masa abin da ke raina, Baba ya ja hannun rigata. "Khalas, ya isa, ɗan nan. Shi ma aiko shi aka yi." Har da tambayarsa lafiyar yara kafin mu fita.

Ya ɓamɓare akurkin, katako bayan katako, ya hana mu taya shi. Ya rarraba tantabarun ga maƙwabta. Da yamma suka dawo, suka sauka a kan siminti suna neman ƙofa. Daga ranar bai sake hawa ba. Ya ce min, "Me zan ce musu?"

Muka koma ofis da labarin rushewa. Aka ce manhajar tana da wurin ƙara hawa, ba ta da wurin cirewa. Har ya rasu gidansa hawa huɗu ne.

Ban ce kwamfuta ta kashe shi ba, ajali ne. Amma shekararsa ta ƙarshe a ƙasa ya yi ta, a kan benci, ya juya wa taga baya.

Allah Ya jiƙan Baba Idrisa, Ya yalwata masa kabari, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba matarsa Inna Zainab da Salah da ƙannensa haƙurin rashi.

Ku kuma 'yan kwamiti, ni ba ni da haƙurinsa. Kun sa hannu, kun tafi gida. Ɗayanku ya fito a jarida da cikakken sunansa, ya gaya wa matar da ke takaba: saman gida nawa kuka hau kafin ku buga hatimin nan?